Alƙaluman kamfani ko awon mai bincike: wanne za a rubuta a rahoto?

Duk mai binciken da ya yi aiki da na'urar bin diddigin ido, wato mai gano inda mutum yake kallo, sai ya faɗa wa masu karatu iya daidaiton na'urarsa. Hanya biyu ake bi.

Ta farko ita ce kwafo abin da kamfanin da ya ƙera na'urar ya buga. Galibi za ka ga an ce kuskuren bai wuce rabin digiri na kusurwar gani ba. Wannan ba ta da wahala, amma ana samun irin wannan adadi ne a yanayi mai kyau, da mutum mai lafiyar ido da ya kafe kansa waje guda.

Ta biyu ita ce ka auna da kanka a kan mutanen da suka zo gwajin. Bayan an saita na'ura, sai a sa kowa ya kalli wasu ɗigo a fuskar kwamfuta, a lissafa tazarar da ke tsakanin ɗigon da inda na'ura ta ce yana kallo, da yadda awon ke rawa, da kason bayanan da suka ɓace. Nan ne gaskiya take fitowa. Tabarau yana ƙyalli, kwalli mai kauri yakan rikita kyamara ta kasa gane baƙin ido, jarirai kuma ba sa zama shiru. A nisan santimita 57, digiri ɗaya santimita ɗaya ne a allo, wanda ya isa ya maida kallon wata kalma kan maƙwabciyarta.

Ni dai na fi yarda da ta biyu, duk da cin lokacinta.