Tsohuwar da ta fi ƙarfin kuɗin hannuna a Guizhou

'Yan uwa na Agege da Alaba Rago, ina gaisuwa daga Guangzhou ta ƙasar China. Da aka rufe kasuwa don hutu, na leƙa lardin Guizhou, ƙasar duwatsu inda ƙabilar Miyawo suka yi yawa. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2014 yana cinye sama da kilomita 850 zuwa Guiyang, babban birnin lardin, cikin kusan awa biyar, yawancin hanyar gada ce ko rami a cikin dutse. Ku da kuke kwana a hanyar Kano, ba sai na ce komai ba.

Amma ba jirgin ne ya tsaya mini a rai ba. Can saman ƙauyen Xijiang, bayan hawan da ya sa gwiwata rawa, na tarar da wata tsohuwa tana gasa masara. Na miƙa mata takardar yuwan 100. Ta juya ta, ta yi dariya, ta kira maƙwabciyarta su gani. Babu canji ko sisi! Sai ta nuna mini wani kwali mai lambar biyan kuɗi ta QR rataye a jikin kwandonta. Na haska da WeChat, manhajar wayar da suke biyan kuɗi da ita, kafin in mayar da waya aljihu tata ta yi ƙara. A kan dutse fa, gwaggon da haƙoranta ba su kai biyar ba. Mu kuwa a tsakiyar Legas sai a tsare mutum a bakin shago ana jiran alat, mai POS ya yanki nasa, banki ya zare kuɗi ya ce a dawo bayan mako. Kuma mun saba, har mai shago ke ba ka haƙuri.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Shiga ƙauyen ma sai da tikiti. A ƙofa 'yan mata sanye da azurfa suna tare baƙo da giyar shinkafa a ƙahon ɓauna, ana busa sarewar gora, da kyar na kuɓuta. Naman alade ko'ina. Masara da dafaffen ƙwai suka riƙe ni, ina ta tuna tsiren Agege. Ga masu ɗaukata hoto babu ko sallama.

Mambila ma tana da sanyi da tsaunuka da ganyen shayi. A cikinku wa ya taɓa zuwa Gembu? Kuɗi na shigowa sai Dubai.