Asibitin unguwarmu a Bronx, New York, bayan wata shida ina zuwa

Da mahaifiyata ta rasu a Kumasi ban samu zuwa jana'iza ba, takarduna ba su fito ba a lokacin. Wata uku ban yi barcin kirki ba. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, har ta kai ina shiga banɗakin wata tsohuwa in buɗe famfo don kada ta ji kukana. A masallaci kowa sai "haƙuri, Hajiya". Haƙurin ya ƙi zama.

Na fara buga wa wani ofishin masu ba da shawara kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa a Manhattan, suka ce dala 200 zama ɗaya. Na ajiye wayar. Wata ƙawata ce ta nuna mini asibitin unguwa, irin waɗanda gwamnatin tarayya ke tallafa wa, masu yanka kuɗi daidai samun mutum. Na kai takardun albashina, aka tsayar mini da dala 20. Suna karɓar Medicaid ma, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi.

Jira ne ya kusa sa in fasa: mako bakwai. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta rubuta mini 988 a bayan kati, lambar wayar agaji ga masu matsananciyar damuwa da aka buɗe a Yulin 2022, ta ce in dare ya yi mini tsawo in kira.

Mai ba da shawarar da aka haɗa ni da ita baƙar fata ce, 'yar Amurka. Sa'a ce wannan, don ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta ƙirga a 2015 cewa huɗu kacal cikin ɗari na masu wannan aiki ne baƙaƙe. Ba ta kalli hijabina sau biyu ba. Da na ce na roƙi Allah har na gaji da kaina, sai ta tambaye ni wace sallah ce ta fi yi mini nauyi. Asuba, na ce, lokacin da Inna ke kirana. Daga nan muka faro.

Tafintan da aka ba mu kam ban ji daɗinsa ba. Namiji ne ta waya, Hausarsa tsaf, amma Hausawan New York nawa muke? Ina magana ina tunanin ko mijin wata ne da muke haɗuwa gidan suna. Zama na biyu na ce a bar shi, na ci gaba da guragun Turancina. Kowane zama minti 45 ne, kuma mai ba da shawarar ba ta ƙara ko ɗaya. Ranar Talata nake zuwa, ƙarfe shida, in na tashi aiki.