Wata biyar ina karatun jarrabawar tuƙin jirgi da manhajar waya: inda ta yi mini rana da inda ta ruɗe ni

A Kawo na tashi, kuma duk yaron da ya tashi a wannan yanki ya san ƙarar ƙananan jiragen horo na sojan sama da ke shawagi a kanmu. Mukan bar ƙwallo mu ɗaga kai har jirgi ya ɓace. Abokaina sun girma sun manta, ni abin ya ƙi sakina. Yanzu shekarata 36, safiyo ne ni, ina da iyali, kuma ba aiki nake nema a kamfanin jirage ba. Lasisin matuƙi mai zaman kansa nake so, wanda ake kira PPL, in riƙa tuƙa ƙaramin jirgi don sha'awa kawai.

Wanda ya bincika ya san inda kuɗin yake tafiya: awannin da za ka yi a sama. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ita ce aƙalla awa 40 kafin a ba ka wannan lasisi, 10 daga ciki kai kaɗai ba malami, kuma kowace awa da tsadarta. Sai na ga gara in ci ƙarfin karatun ƙasa tun ina gida, kafin in nufi makaranta. Mu dai Allah ya yi mana gata, ga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya nan kusa, wadda aka kafa tun 1964. Da wannan niyya na biya kuɗin wata manhaja ta Turai mai ɗauke da dubban tambayoyin gwaji. Ba zan kama sunanta ba, don akwai ƙorafin da zan yi, kuma ire-irenta duk kusan jirgi ɗaya ya kwaso su.

Darussa tara ne a ciki: dokokin sama, sanin jirgi da injinsa, yadda jirgi ke tashi, lissafin nauyi da tsara tafiya, yanayi, sanin hanya, ƙa'idojin aiki, maganar rediyo, da iyakar ƙarfin jikin ɗan Adam. Kowace tambaya da zaɓi huɗu, in ka amsa ta nuna maka dalili. Tana kuma shirya maka jarrabawar gwaji da agogo yana tafiya, makin ci 75 cikin 100, kamar yadda Turawa ke yi. Akwai wani maɓalli na ƙaramin lasisin nishaɗi na Turai, LAPL, mai awa 30. Nasu ne, kuma karatun ƙasansa ɗaya ne da na PPL, don haka ban ma taɓa shi ba.

A lissafi ta fi burge ni. Sanin hanya bai ba ni wahala ba, tun da taswira da kamfas su ne abincina. Amma ma'aunan 'yan jirgi wani rikici ne daban: tsayi da ƙafa, nisan gani da mita, tafiya da mil na teku, mai kuma wani lokaci da lita, wani lokaci da galan. Galan ɗin ma biyu ne. Na Amurka lita 3.785, na Ingila lita 4.546. Jirgin da ke shan galan 8 a awa, in za ka yi awa 3, galan 24 ke nan: lita 91 in na Amurka ne, lita 109 in na Ingila. Manhajar ta yi ta kafa mini wannan tarko, na yi ta faɗawa, har ya zama ba na taɓa lissafin mai sai na fara duba wane galan ake nufi. Haka ta yi mini da lokaci. A sama da agogon bai-ɗaya na duniya, UTC, ake aiki, mu kuma awa ɗaya muke gabansa. Abu ne mai sauƙi har sai agogon jarrabawa ya fara matsa maka.

Ta kuma karya mini wata gardama. Da na ga babin ƙanƙara a kafireto, dariya na yi, na ce wannan matsalar mutanen Landan ce, ina Kaduna ina ƙanƙara? Ashe ba sanyin gari ke kawo ta ba. Iskar da ke bi ta maƙogwaron kafireto tana yin sanyi sosai saboda matsinta ya ragu, ga kuma mai yana zama tururi, har zafinta ya iya faɗuwa da digiri 20 ko fiye. In akwai laima a iska, sai ƙanƙara ta taru ta shaƙe injin. Wato safiyar watan Agusta a nan, digiri 24 da iska jiƙe sharkaf, ita ce ainihin ranar hatsari. Wannan bayani kaɗai ya isa in ce kuɗina bai tafi a banza ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. A wata na uku ina samun 90 da ɗoriya a kusan kowane gwaji. Kaina ya fara girma. Akwai wani dattijo a masallacinmu, tsohon malamin tuƙin jirgi ne da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Wata ranar Asabar bayan la'asar na kai masa wayar, ina jiran yabo. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya sa tafin hannu ya rufe zaɓin nan huɗu.

"To ɗana, ga tambaya, ba amsoshi. Faɗa mini."

Na buɗe baki na rufe. Tambaya ce da na ci fiye da sau goma. Sai a lokacin na gane ba amsar na sani ba, kamanninta na sani: ita ce doguwar nan ta uku mai lamba a ƙarshe. Ya yi mini goma a haka, na ci huɗu.

"Baba, ai a jarrabawa da zaɓi za su zo," na ce.

"A jarrabawa, e. A cikin jirgi wa zai ba ka zaɓi?"

Laifin rabi nawa ne, rabi na manhajar. Ba ta jujjuya jerin amsoshi, ba ta kuma sauya lambobin da ke cikin tambayar lissafi. In ka zagaya sau uku, hadda ta shiga ko ba ka so, irin haddar yaron da zai kawo maka karatu tiryan-tiryan amma in ka ɗauko masa daga tsakiya ya tsaya. Makin da take nuna maka da koren launi yana da daɗin kallo, shi ya sa yake da hatsari.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma, kuma ba ta gyaruwa da ƙoƙarinka: sararin da take koyarwa ba namu ba ne. Na kwashe makonni ina haddace yadda iska mai ɗumi da mai sanyi ke karo a Turai, da jerin gizagizan da ke zuwa kafin ruwansu, da dusar ƙanƙara a kan fiffike. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya. Abin da ke juya yanayinmu shi ne layin da busasshiyar iskar Sahara ke haɗuwa da damshin tekun Atilantika, yana hawa arewa da damina, yana komawa kudu da rani. Hadarinmu na farkon damina daga gabas yake tasowa a jere, da guguwa a gaba. A kan wannan duka, tambayoyin da na gani ba su cika tafin hannu ba.

Hazo kuwa, wanda shi ne babban abokin gabar ƙaramin matuƙi a nan daga Nuwamba zuwa Maris, layi biyu aka ba shi: HZ hazo ne, DU ƙura ce. Shi ke nan. Baba ne ya cike mini gurbin. Na san a haddace cewa mai tuƙi da ido yana bukatar ganin kilomita 5 a ƙasa da ƙafa 10,000. Abin da ban sani ba shi ne yadda hazo ke yaudara. Ka ɗaga kai ba gajimare ko ɗaya, ka tashi, ka leƙa ƙasa kai tsaye kana ganin rufin gidaje sarai. Amma ka dubi gaba, babu inda sama ta rabu da ƙasa, komai fari fat, musamman in kana fuskantar rana. Titin saukar da kake gani lokacin da kake bisa kansa, da ka juyo ka daidaita za ka sauka sai ya ɓace, domin yanzu ta cikin ƙura mai kauri kake kallonsa a karkace. Ya ce in riƙa buɗe rahoton yanayi na 'yan jirgi, METAR, na filin jirgin Kaduna (lambarsa DNKA), wanda ma'aikatan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitarwa, kowace safiya in fassara shi, sannan in fita tsakar gida in dubi sama in gwada. Wata guda da yin haka ya koya mini yanayi fiye da babin manhajar gaba ɗaya.

Haka batun zafi. Ta koya mini ƙa'idar daidai: a ma'aunin da aka yarda da shi, zafin bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da kusan 2 a kowace ƙafa 1,000, kuma duk digiri ɗaya da aka haura wannan, jirgi yana ji kamar an ɗaga shi ƙafa 120. Amma misalanta duk na filaye ne masu sanyi a gaɓar teku, inda bambancin ba ya tsorata kowa. Da na sa lambobinmu sai jikina ya yi sanyi. Filin Kaduna ya ɗan haura ƙafa 2,000, inda ma'auni ke sa ran digiri 11. Da azahar a watan Afrilu ana iya samun 38. Bambanci 27, sau 120, ƙafa 3,240. Wato injin da fiffike suna aiki kamar a ƙafa 5,200 da wani abu, tun jirgi yana ƙasa. Nisan da zai yi gudu a ƙasa kafin ya tashi ya ƙaru, hawa ya yi nauyi. Wanda zai tashi daga Jos, da ta haura ƙafa 4,000, sai ya ƙara lissafi.

Dokoki ma sai ka yi hattara. Abin da ya fito daga ICAO ɗaya ne ko'ina: lambobin da matuƙi ke sawa a na'urar da ke nuna jirgi ga masu kula da sama, 7700 gaggawa, 7600 rediyo ya mutu, 7500 an yi fashin jirgi; sai 121.5, tashar rediyon neman agaji. Amma sharuɗɗan lasisi, sabunta shi, da takardun da ake ɗauka, na hukumar EASA ta Turai ne a ciki. Wanda zai karɓi lasisi a Najeriya, dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ne nasa, kuma suna nan a shafinsu kyauta. Na sauke kashi na biyu mai maganar lasisin ma'aikata, na buga shi a takarda, duk inda ya saɓa da manhaja na bi shi.

Sashen rediyo ba laifi, sai dai sauraro kawai kake yi, ba ta jin naka bakin. Ni kuwa Bahaushe ne, P da F sun daɗe suna faɗa a harshena. Sai da 'yata ta fari ta zauna tana yi mini dariya ina maimaita "Papa" da "Foxtrot", yadda ake kiran P da F a rediyon jirgi, kafin suka rabu. Ba wasa ba ne, tun da ana gwada Turancin matuƙi, mataki na 4 ake nema.

Sauran ƙorafin na aljihu ne. Da kuɗin waje ake biya, katina ya ƙi sau biyu kafin ya wuce. Tana sabunta biyan kuɗin da kanta ba sallama, wata na huɗu sai saƙon banki kawai na gani. Sun ce tana aiki ba intanet, gaskiya ne rabi: rubutun yana sauka, taswirori da zane-zane ba sa sauka. Na yi mako guda ina aikin awo a wajen Kachia, duk tambayar da ke da hoto sai farin fili.

Da zan sake farawa, littafi zan fara karantawa, ko da na hukumar FAA ta Amurka ne da ake saukewa kyauta, in sayi faifan lissafin nan na hannu, E6B, in saba da shi, in nemi wanda ya taɓa tashi a sararinmu. Manhajar sai a ƙarshe, wata biyu kafin jarrabawa, don saurin hannu da sanin inda ake kafa tarko. A wannan matsayi zan ba ta uku da rabi cikin biyar. A matsayin malami, biyu ma da ƙyar.

Na dakatar da biyan kuɗin a makon jiya. Kafin in rufe ta, na kwafe tambayoyi 60 da na fi faɗuwa a littafin rubutu, ba tare da zaɓinsu ba. Ranar Asabar zan kai wa Baba, ya ce in zo da faifan da fensir, in bar wayar a gida.