Gargaɗi ga ƴan kasuwar Sakkwato: masu damfara da sunan rajistar tambarin kaya

Jama'a, musamman masu ruwan leda, yogot, kilishi, yaji, turare da kayan fata, a yi hattara. Akwai masu zagayawa shaguna da ƙananan masana'antu, wasu kuma ta WhatsApp, suna cewa su ejan ne, za su yi maka rajistar suna da tambarin kayanka su kawo satifiket cikin mako guda. Wannan alkawarin kaɗai ya isa ya sa ka riƙe kuɗinka.

Ofishin da ke rajistar alamar kasuwanci yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, kuma da dokar 1965 yake aiki. Da fari ana bincike a ga ko wani ya riga ka. Bayan an shigar da buƙata sai a ba da takardar shaidar karɓa, mai ɗauke da kalmar Acknowledgement. Idan an duba ba matsala, sai takardar amincewa, wato Acceptance. Daga nan a buga tambarin a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko wani zai yi ƙorafi, sannan satifiket ya fito. Yaya duk wannan zai ƙare a mako guda?

Dabarar da suka fi yi ita ce su miƙa maka takardar CAC su ce an gama. CAC sunan kasuwanci ko kamfani take yi wa rajista. Ba ita ke ba ka mallakar tambarin da ke jikin ledarka ba. Wasu kuma takardar farko suke bayarwa a matsayin satifiket, alhali shaida ce kawai cewa buƙatarka ta shiga.

Wadda ta fi ciwo: ejan ya shigar da tambarin da sunansa ko na wani kamfani nasa. Kai ka biya, kai ka yi shekaru kana gina sunan daga Tsohuwar Kasuwa har Illela, amma a takarda shi ne mai shi. Ran da kuka saɓa, shi ke da hujja a hannu. Don Allah, duk takardar da aka kawo, fara duba sunan mai mallaka kafin komai.

Sai batun rukuni. An raba kaya da ayyuka gida 45, kuma kowane rukuni da kuɗinsa. Ruwan sha da lemo suna 32, kilishi da yogot 29, shinkafa da yaji 30, turare da sabulu 3, jakar fata 18, takalmi da tufafi 25. Mai ruwan leda da aka jefa tambarinsa a 25 ya biya kuɗi ne a banza, don ruwansa ba shi da kariya. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma shekara 14, saboda haka mai cewa "ta har abada ce" ƙarya yake. Haka mai cewa rajistar ta haɗa da Nijar. Ta Najeriya a Najeriya ta tsaya.

Kafin ka biya, nemi a nuna maka sakamakon bincike. Bayan biya, karɓi lambar fayil da rasit na Remita na kuɗin gwamnati, daban da ladan ejan. Ka biya kashi-kashi, kowane mataki da takardarsa, kada ka zube duka a asusun mutum. Ka sa lauyan da ka sani ya tabbatar da lambar a ofishin. Kada ka buga alamar ®, mai nuna an yi wa tambari rajista, a kwali ko leda sai satifiket ya fito, domin laifi ne a doka.

Wanda aka riga aka cuta ya adana shaidar tura kuɗi, saƙonni da takardun da aka ba shi, ya kai ƙara wajen ƴan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato, kuma ya gaggauta shigar da sabuwar buƙata da sunansa kafin wani ya riga shi.