Tashar Auna Yanayi da Hasumiyar Auna Musayar Zafi: Ina Bambancinsu?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa masu binciken yanayi suke kafa hasumiya mai tsada a fili alhali ga tashar auna yanayi a gefenta, da kuma ko ɗaya ba za ta wadatar ba. Ba za ta wadatar ba, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Ita tasha halin da iska take ciki take faɗa: zafi da laima a tsayin kusan mita 2, gudun iska da alƙiblarta a mita 10, sai nauyin iska da yawan ruwan sama. Kayanta suna da juriya, kuma ba su cika neman kulawa ba.

Hasumiya kuwa abin da ke wucewa tsakanin ƙasa da sama take bi. A samanta akwai na'ura mai ƙahonni da ke harba sauti tsakanin bakunanta, tana auna hawa da saukar iska sau 10 ko 20 a daƙiƙa guda, a kusa da ita kuma wata tana auna tururin ruwa da kabon dayoksaid. Idan iskar da ke hawa ta fi wadda ke sauka ɗumi da laima, ƙasa tana fitar da zafi da ruwa ke nan, kuma akan haɗa lissafin duk minti 30. Ka ɗauki gonar da aka yi wa ban-ruwa da busasshen fili a maƙwabtaka: tashoshi biyu za su iya ba ka zafi kusan iri ɗaya, amma hasumiya za ta nuna cewa a gonar yawancin ƙarfin rana wajen busar da ruwa yake tafiya, a filin kuwa wajen ɗumama iska. Irin wannan awo ne ginshiƙin wasu manyan bincike biyu kan musayar zafi da ruwa tsakanin ƙasa da iska: FIFE a Kansas ta Amurka a 1987, da HAPEX-Sahel a Nijar a 1992.

Sai dai hasumiya tana da rauni, kuma a ganina nan ne ya kamata mai karanta alƙalumanta ya yi hattara. Ɗigon ruwan sama a bakin na'urar yana ɓata awo, daren da iska ta kwanta ma haka, sannan jimillar zafin da take aunawa kan gaza wanda ƙasa ta samu da kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari. Duk giɓin da ruwan sama ko kwanciyar iska suka bari, da bayanan zafi da laima da hasken rana na tashar ake cike shi.