Ci gaba da fassarar tsofaffin wasannin Japan ko ajiye ta

Wanda ya shafe shekaru yana fassara tsofaffin wasannin bidiyo na Japan don sha'awa, ba don kuɗi ba, yakan kai lokacin da zai zaɓi ɗaya: ya ci gaba ko ya ajiye.

Ci gaban yana da hujja mai ƙarfi. Wasan Mother 3 ya fito a Japan a 2006, kamfanin Nintendo bai fitar da shi da Turanci ba, kuma 'yan sa-kai ne suka kammala fassararsa a 2008. Sai dai aikin yana cin rai. Rubutun Japananci yana dunƙule ma'ana mai yawa a haruffa kaɗan, don haka jimlar da ta zauna daram a ƙaramin akwatin magana takan tumbatsa idan aka fassara ta, sai mai fassara ya kwana yana datse kalmomi, abokin aikinsa kuma yana kutsawa cikin manhajar don ya samar wa sababbin haruffa gurbi. Ga fargabar matakin da masu haƙƙin mallaka za su iya ɗauka, ga masu jira da ba sa raga masa.

Ajiyewa kuwa tana mayar wa mutum lokacinsa, kuma wani sa'in kamfani yakan cike giɓin da kansa, kamar wasan Seiken Densetsu 3 na 1995, wanda ya samu fassarar hukuma a 2019. Illarta ita ce aikin da aka bari a tsakiya yakan mutu. A ganina, wanda ya gaji gara ya ajiye, muddin zai miƙa fayilolinsa da bayanansa ga mai son ƙarasawa.