Gam shuɗi ko ja a kan notin filawil?

Notin filawil (faifan ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure a bakin karanshaf, tsakanin inji da giyabos) na tsohon inji idan ya kwance, aiki ne na sauke giyabos, wani lokacin har bakin karanshaf ya lalace. Shi ya sa ake ɗiga masa gam ɗin kulle zare.

Shuɗin, irin Loctite 243, ƙarfinsa matsakaici ne. Yana jure ɗan maiƙo, kuma ran da za a sake kwancewa sifana kaɗai ta isa. Jan, irin 271, riƙonsa ya fi, amma sai an gasa notin ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Celsius kafin ya saki, alhali robar da ke tare baƙin mai tana nan kusa. A tsohon ƙarfe, murɗe shi da ƙarfi ba wuta yakan cinye zaren ramin.

Ni dai shuɗin na zaɓa, sai in littafin injin ya ce ja.

Ko wanne ne, a wanke noti da rami su bushe, ɗigo 2 ya wadatar. A ɗaure a gicciye da sifana mai awo kafin gam ya kama, a bar shi awa 24 kafin a tayar da injin.